Gyaran Muryar Manzo

A Tawa, cikin shekarun farko na mulkin kai, akwai wani fili a bayan kulob ɗin ma'aikata wanda ake ba ruwa safe da yamma, kuma bai taɓa fid da ko ganyen yakuwa ba. Mai ba shi ruwan shi ne Manzo, mutumin Barmu. Filin tanis ne. Nasaru suka bar mana shi gado, tare da tsohuwar raga, da kujerar alƙali mai tsani, da wani allon katako da ke rataye a barandar kulob. Shi ma Manzo a cikin kayan gadon aka haɗa shi, don ba wanda ya tambaye shi ko yana da wani wurin zuwa.

Ni sunana Sa'idu, daga Damagaram aka turo ni aikin asibiti a 1962. Allura nake yi da wankin miki, amma mutanen gari suna kira na lokotoro, wato likita, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba. Na faɗi wannan tun da wuri ne don mai karatu ya san irin mutumin da ke ba shi labari.

Tun zamanin aikin tilas aka kawo Manzo daga Barmu, yana da mata da jaririya ɗaya. Su kusan arba'in suka yi ta jidar ƙasar suri a ka, suna zubawa, suna daɓewa, ba su san ko ɗakin me ake gini ba. Da aka gama aka sallami kowa, sai kumandan na lokacin ya lura akwai wani siriri da ke jan layi da ido, ba igiya ba ma'auni, layin kuma ya fito miƙe sak. Shi ke nan, aka riƙe shi. Daga ranar aikinsa ya zama ɗaya: da sassafe ya kora jakinsa rijiya da salka biyu, ya dawo ya yayyafa wa fili, ya bi shi da madaɓi, ya share, ya dama farar ƙasa ya sabunta layuka. Ƴan uwansa na Barmu in sun shigo kasuwar Lahadi sukan biyo su tsaya bakin shinge su yi ta dariya. Namiji da daɓe, aikin mata. Ga shi kuma a ƙasar da mace ke cin rabin yini kafin ta samo tulu ɗaya, shi yana zuba wa gonar da ba a shuka komai a cikinta. Shi kuwa sai ya ci gaba da daɓensa.

Abin da ƴan Barmu ba su sani ba shi ne, Manzo ya iya wasan. Nasaran da ke son motsa jiki da safe ba ya samun abokin yi, sai ya miƙa masa raket ya ce ya tsaya can ya riƙa maido masa ƙwallo. Haka ya yi shekara da shekaru yana maidowa, duk inda aka jefa ta sai ta dawo daidai hannun mai bugu. Har suka laƙaba masa suna da bakinsu, wanda ma'anarsa bango. Sun yi gaskiya ta wani gefen, don ba a ƙirga wa bango maki. Shekara ashirin da huɗu yana riƙe raket, bai taɓa buga wasa ko ɗaya da alƙali ya hau kujera dominsa ba.

Shi ya koya mini yadda ake wasan bibbiyu, wato mutum biyu a wannan gefen raga, biyu a wancan. Wata la'asar ce, yana wanke bokitin farar ƙasa, na tambaye shi amfanin siraran lungunan nan biyu da ke gefen fili, dama da hagu.

Ya ce, "Na masu bibbiyu na, Lokotoro. In mutum huɗu sunka shiga, hili shina ƙaruwa, lungu ya zama gida. Wasan ɗai-ɗai noman gayauna na, kai ɗai da Allahnka. Na bibbiyu kuwa daka na, mata biyu turmi guda. In wagga ta ɗaga, waccan ta sauke. In sunka sauke tare, taɓare su gamu, wata ta rasa haƙori."

Sannan ya bi da ni layi layi. Mai buɗe wasa yana tsayawa can baya, ya aika ƙwallo a karkace zuwa akwatin da ke kusurwar abokan gaba, in ya kuskure yana da dama ta biyu. Abokinsa kuma yana gaba kusa da raga, a ɗan duƙe, yana jiran abin da za a maido ya make tun bai taɓa ƙasa ba. Buɗewar tana zagayawa cikin mutum huɗun, kowa da nasa layi. Ana ƙirga maki da bakin Nasara, kanz, tarant, karant, wanda ya wuce karant ya yi ci ɗaya, ci shida zagaye ɗaya ke nan, wanda ya ɗauki zagaye biyu cikin uku ya gama. Duk wannan ko jaki aka daɗe ana nuna wa zai gane. Abu mai wuya, in ji Manzo, shi ne ƙwallon da ta biyo tsakiya, tsakanin abokai biyu. Ba ta kowa ba ce, kuma ta kowa ce. Dole ɗaya ya buɗe baki ya ce tawa ce, ko ya ce taka ce, tun tana sama. Waɗanda ba sa magana da juna ba su da abin yi a filin bibbiyu.

To, ga mu nan, magadan Nasara. Mu uku ne rak muka rage masu riƙe raket a kulob. Akwai ni. Akwai Mushe Tukur, mushen na Faransanci ne, kamar a ce malam, shugaban wata lakwal, wato makarantar boko, sakataren kulob, mai tumbi, wanda ya haddace littafin dokokin tanis daga bango zuwa bango amma in ya yi gudu taku goma sai an kawo masa kujera. Akwai kuma Musa, akawu a wani ofis, ɗan Kalfu, dogon saurayi mai ƙarfin hannu da ƙarancin tunani. Ba don muna son wasan muke yi ba. Mun ga manya na dā suna yi da fararen gajerun wanduna, muka ɗauka girman a cikin wandon yake.

Wasan bibbiyu mutum huɗu yake so, mu kuwa uku ne. Ko yaron goye ya san maganin wannan lissafi, tunda ga na huɗun can tsaye da tsintsiya, wanda ya fi mu duka in an tara mu. Amma shekara uku cur muka yi muna buga biyu da ɗaya, muna gardama kullum a kan ko lungu na ƙirguwa a gefen mai shi kaɗai. Mushe Tukur ya ɗauko littafi, Musa ya yi fushi, ni in yi sulhu, rana ta faɗi. Manzo yana gefe yana jira mu gama ɓata masa layi ya gyara.

Dalilin da aka ba da shi ne surukuta. Musa yana auren Hawa, ɗiyar Manzo ta fari, jaririyar nan da aka goyo daga Barmu. Ya aure ta tun yana ƙaramin mai kai takardu, lokacin da furar gidan Manzo ba ta yi masa tsami ba. Duk ranar da na ce a sa tsohon ya cike mana, sai Musa ya dafe ƙirji ya ce, "Haba Lokotoro, in yi tsalle-tsalle da gajeren wando gaban surukina? Ina kunya ta tahi?" Mushe Tukur ya gyaɗa kai ya ce al'ada abar girmamawa ce.

Al'ada! Mutumin da ke cin tuwo da cokali mai yatsu, wanda ya hana matarsa kawo masa abinci ofis a cikin ƙwarya, wanda in ƴan Kalfu sun zo gaishe shi yake amsa musu da Faransanci, shi ne ya tuna da al'ada. Kunya iri biyu ce a jikin Musa. Akwai ta suruki, wadda uwarsa ta dasa masa tun yana ƙarami, akwai kuma ta a ce akawun gwamnati yana auren ɗiyar mai shara. Ta biyun ce ke cin sa, sai ya sa mata rigar ta farko ya fito da ita bainar jama'a. Na gane haka tun shekarar farko, ban kuma ce komai ba, don ni ma ban ƙi a ce lokotoro ba ya wasa da lebura ba.

Amma ta farkon ma tana nan, a cikin ƙashinsa take, bai san da ita ba. Manzo ba ya kiran sunan Hawa don ɗiyar fari ce, ba ya kiran na mijinta, sai dai ya ce "mai gidan ga". In zai shiga gidansu yakan tsaya bakin zaure ya yi gyaran murya, Musa ya ji ya kauce ya ba shi hanya ba tare da sun haɗa ido ba. A fili ma haka. In Manzo ya taho da bokiti ta bayanmu sai ya ce "ehem", sai ka ga Musa ya zabura gefe ya rusuna, yana tsakiyar yi mana bayanin siyasar duniya, bai ma san ya yi ba. Na sha yin dariyar wannan a ɓoye.

Saura allon baranda. Katakon maɗaci ne, an rubuta masa da ruwan zinariya sunayen duk waɗanda suka ci gasar bibbiyu ta shekara tun daga 1943, suna biyu a kowane layi. Kowace Juma'a Manzo yakan sauke shi ya goge da man gyaɗa. Bai iya karatun boko ba, amma ya san kowane layi na wane ne, ya san wanda ya ci da gaske da wanda matar kumandan ta ce a bar masa. Tun da Nasaru suka watse ba a ƙara layi ba. Wata Juma'a na same shi yana shafa wurin da ba a rubuta komai ba, a ƙasa, sai ya ce mini ba tare da ya ɗago ba, "Ni dai Lokotoro, kahin in mutu, da an ƙirga mini wasa guda, a sa ni nan. Jikokina su san ba ban ruwa kaɗai niy yi ba." Bai ƙara faɗar haka ba, ni ma na yi kamar ban ji ba.

A 1965, ana saura wata ɗaya bikin ranar jamhuriya, takarda ta zo cewa wani babban ma'aikaci zai zo daga Yamai, yana tafe da ƴan wasansa biyu, yana so su kara da ƴan kulob ɗinmu. Mushe Tukur ya kwana uku yana tsara amsa, ya aika da sunaye biyu, Musa da ni. Ya sa aka yi wa kujerar alƙali fenti. Ya ce wanda ya ci za a sa shi a allo, a nuna wa duniya ba Nasara kaɗai ke da hannu ba.

Ana jibi wasa, wata akuya ta tsallaka gabana a kan hanyar asibiti, mobilet ɗina, ƴar babur ɗin nan, ta shiga yashi, na faɗi a kan hannun dama. Wuyan hannu ya kumbura ya yi suntum. Na ɗaure kaina da kaina na je na shaida wa Mushe Tukur. Ya dube ni, ya dubi tumbinsa, na ga lissafin yana tafiya a fuskarsa. In ba a sami wani ba, shi zai shiga, a gaban baƙi da matansu. Nan take al'ada ta rage daraja. Ya ce doka ta hana sakatare barin kujerar alƙali, ya ce a kira Manzo. Musa ya yi ta kumfar baki, ya ce zai kwanta ciwo, Mushe Tukur ya tuna masa cewa babban baƙon shi ke duba takardun ƙarin girma na akawuna. Sai ciwon ya warke tun bai zo ba.

Manzo da aka gaya masa, sai ya je ɗakinsa ya ɗauko wata tsohuwar raket da matar wani Nasara ta yar, wadda ya sake wa saƙa da jijiyar saniya. Aka ba shi farin gajeren wando, ya juya shi gaba da baya ya mayar, ya ce gwiwarsa ba za ta fito gaban mai gidan ga ba. Da wandonsa na saƙi ya shiga, ya ɗaure ƙafafun da igiyar kaba, ba takalmi. Da safiyar ranar ma sai da ya ɗebo ruwa ya ba fili, ya ja layi, sannan ya wanke hannu ya zama ɗan wasa.

Bayan la'asar aka fara. Manya a kan kujeru a baranda, talakawa a bayan shinge, har da ƴan Barmu da suka zo kallon ɗan uwansu zai yi rawar Nasara. Hawa na cikin mata, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ƴan Yamai samari ne biyu masu sabbin takalma, ɗaya dogo ana ce masa Sule, ɗaya gajere ban riƙe sunansa ba. Da suka ga Manzo sai suka dubi juna suka yi murmushi.

Zagayen farko abin kunya ne, kuma kunya ce ta jawo shi. In Manzo zai buɗe wasa, Musa ne a gabansa a bakin raga, ya juya masa baya, ya duƙa da gajeren wando. Tsohon ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya riƙa bugawa yana kallon sama. In Musa ne zai buɗe, tsoro yake yi kada ya make surukinsa a ƙeya, sai ya aika ƙwallo can wajen jakin da ke ɗaure. Ƴan Yamai ba wawaye ba ne. Cikin ci biyu suka gano waɗannan mutane ba sa magana da juna, sai suka riƙa zuba komai ta tsakiya. Ƙwallo ta taho, Musa ya ja baya don ba a riga babba, Manzo ya ja baya don kada ya gogi kafaɗar mijin ɗiyarsa, ta wuce tsakaninsu salin alin kamar baƙuwar da kowa ke cewa wani ya sauke ta. Shida da ɗaya aka tashi. Ƴan baranda suna dariya a cikin hankici, ƴan shinge suna yi a fili.

Da aka tsaya shan ruwa na ruga wurin Manzo da hannuna a rataye. Na ce, "Baba Manzo, kai ka koya mini! Ka buɗe baki, ka kira shi, ka ce taka ce ko tawa ce!"

Ya kurkure baki ya zubar, ya ce, "In kira sunan mijin ɗiyata ta hwari, gaban mutanen Barmu, ita tana tsaye? Lokotoro, allon ga bai kai nan ba."

Na koma wurin Musa na ce to shi ya yi magana. Ya ce shi ba ya iya ce wa surukinsa "bari". A wannan kam gaskiya ya faɗa, karo na farko tun da na san shi.

Aka koma. Ci na biyu na zagaye na biyu, Sule ya sake zubo ta tsakiya, ƙwallo mai laushi, irin ta raini. Manzo yana baya, ya taho da gudu, ya ga zai wuce dab da surukinsa, sai bakinsa ya yi abin da ya saba yi a bakin zaure. Ya ce "ehem". Musa ya zabura gefe ya rusuna. Hanya ta buɗe, jijiyar saniya ta yi ƙara, ƙwallo ta sauka a lungun dama na ƴan Yamai, a kan layi daidai, farar ƙasa ta yi tsalle. Manzo ya tsaya ya dubi raket ɗinsa, ya saci kallon bayan Musa, sannan ya koma wurinsa a hankali.

Daga nan wasa ya sake. Ba wanda ya zauna ya tsara, amma doka ta kafu: in an ji gyaran murya, ta tsoho ce, Musa ya kauce, in shiru, tasa ce, ya make da ƙarfin nan nasa na banza wanda yau ya sami amfani. In Manzo zai buɗe wasa sai ya yi gyaran murya, Musa ya durƙusa har ƙasa, wanda dama shi ne abin da ake so na gaban raga ya yi, ƙwallo ta wuce ta saman kansa, tsohon kuma ya sami wurin sa ido. Shekara ashirin da huɗu yana mayar wa mutane ƙwallo daidai hannunsu, ashe ya san daidai inda hannunsu ba ya kaiwa. Ya san inda ƙasar ta yi laushi kusa da ramin tururuwa, ya san inda take santsi. Shi ya daɓe ta. Ya riƙa ɗaga wa gajeren ƙwallo ta saman kai, ya riƙa sauke wa dogon a gindin ƙafa. Shida da uku, zagaye ya zama namu.

A na uku ƴan Yamai suka kai ƙara wurin alƙali, suka ce tsohon nan tarinsa na damun su, ko dai ciwon ƙirji gare shi. Mushe Tukur ya buɗe littafinsa daga kan kujera, ya bi shi shafi shafi, bai ga inda aka hana tari ba. Aka ce lokotoro ya zo ya duba. Na je na kara kunnena a ƙirjin Manzo, na ji zuciyarsa na bugawa kamar ana sussuka, na miƙe na ce lafiyarsa lau, maƙogwaro ne ya bushe. A duk aikina na Tawa ban yi abin kirki da ya kai wannan ba.

Biyar da huɗu, karant da tarant, saura maki ɗaya. Sule ya tara ƙarfinsa ya zubo ta tsakiya, don mai hali ba ya fasa halinsa. Gyaran muryar da Manzo ya yi har bayan shinge an ji. Musa ya zube gefe, tsohon ya tare ta tun tana sama, ya ɗan taɓa ta kawai, ta faɗa bayan raga ta kwanta. Hawa ta manta da mayafi ta rangaɗa guɗa. Ƴan Barmu, masu dariyar daɓe, suka riƙa gaya wa na kusa da su cewa ɗan ƙanen ubansu ne.

Babban baƙo ya sauko daga baranda ya ba Musa hannu, ya tambaye shi da Faransanci, wane ne wannan dattijo mai ban mamaki? Ina tsaye a wurin. Kalma ɗaya ce ta rage wa Musa ya faɗa, surukina, da ya wanke duk shekarun nan. Sai ya yi murmushin akawu ya ce, "Leburan kulob ne, ranka ya daɗe." Baƙon ya ce madalla, ya dafa kafaɗar Manzo, ya juya aka tafi shan lemo. Manzo bai bi su ba. Ya ɗauki tsintsiya, don an tattake masa layuka.

Bayan kwana uku aka kira Ciɗo mai fenti. Mushe Tukur ya ce dokar kulob a fili take, ba a sa kowa a allo sai mamba, kuma takardar da aka aika Yamai Musa da Sa'idu ta ce, ba za a sa allo ya ƙaryata takarda ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na buɗe baki na ce ai wannan bai dace ba, da muryar da ni kaina ban ji ta sosai ba. Mushe Tukur ya ce doka ce. Sai na rufe bakin. Gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba ita ce, da na ga Ciɗo yana zana harafin farko na sunana da ruwan zinariya a ƙarƙashin sunayen kumandodi, daɗi na ji. Manzo na tsaye a bayanmu yana riƙe wa mai fenti gwangwani.

Kowace Juma'a ya ci gaba da sauke allon yana gogewa, kuma a kan sabon layin yake fi daɗewa. Mushe Tukur ya ce a bar shi, ai yana zaton nasa ne, rashin sani ma wata rahama ce. Kowa ya yarda da haka don ya fi sauƙi. Musa ya sami ƙarin girmansa aka mai da shi Yamai, ya tafi da Hawa da jikokin. Muka koma mu biyu, ni da Mushe Tukur, muna buga ɗai-ɗai na taku goma goma. Ba a sake hawa kujerar alƙali don Manzo ba.

A 1969 takardar canjina ta zo, za ni Maraɗi. Juma'ar ƙarshe na je kulob da hantsi, na tarar allon na rataye, Manzo bai iso ba. Na tsaya gabansa ina kallon sunana. Shekara huɗu ina haɗa maganar da zan yi, da na ji takunsa a bayana sai duk ta zube, na ce kawai, "Baba Manzo, sunan da ke nan ba naka ba ne. Nawa ne."

Ya ajiye kwalbar man gyaɗa. Ya ce, "Na sani, Lokotoro. Tun ranar. Irin rubutun ga shina ga jikin jakar raket ɗinka, shekara nawa ina ɗaukar ta."

Na ce, "To don me ba ka yi magana ba? Don me kake ta goge shi?"

Ya ce, "Na ga ƙwallo da yawa sun hita, alƙali ya ce sun shiga. Mai shara ba shi da baki a nan. Amma ranar ga tawa ta, ko da sunan wa anka rubuta ta. Ba ni barin ta ta yi ƙura."

Na ce zan sa a kankare, zan rubuta wa Yamai, zan yi kaza, zan yi kaza, duk irin alkawuran mai tafiya gobe. Ya jiƙa tsummansa da mai, ya matso, ya ga na tare masa allon. Sai ya yi gyaran murya.

Na kauce na ba shi wuri.